Nawa Ake Bin Malama?

A Tarevik, idan baƙo ya sauko daga jirgin ruwa da akwatuna biyu da takardar kama aiki, ba ma tambayar ɗan gidan wane ne. Abin da muke son ji shi ne nawa ake bin sa. Ba rashin kunya ba ce, lissafi ne. Yaran kudu da bashin gwamnati suke karatun jami'a, kuma duk wanda ya zo ya yi aiki a nan ƙurewar arewacin Norway, kowace shekarar da ya cika ana yafe masa wani kaso na bashin. In ba don haka ba, wa zai baro Bergen ko Oslo ya zo inda rana ke ɓuya wata biyu cur? Shi ya sa a wurinmu malami mai ƙaton bashi abin murna ne. Mai ɗan kaɗan kuwa ko sunan mahaifinsa ba ma wahalar riƙewa.

Sunana Gunvor. Lokacin da wannan labari ya fara, na shekara ashirin da shida ina share makarantar ƙauyenmu, ina kunna mata ɗumi kafin yara su iso, kuma ɗakunan saman gidana su ne masaukin duk malamin da aka turo. Malamai tara sun kwana a can. Aikina ne, ko da yake babu wanda ya naɗa ni, in binciko adadin bashin kowannensu a makon farko. Da waina mai zafi da cukwi da kofi nake yi, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Daga nan sai in kai wa Halvdan mai kanti lambar, ya juya takardar naɗe kaya ya buga lissafi, ya ce wannan shekara uku zai yi, wancan biyar. Da wuya ya kuskure da fiye da shekara ɗaya.

A shekarar da sabuwar malama, Ingunn, ta zo kuwa maganar ta wuce tsegumi. Yara goma sha ɗaya suka rage a makarantar, kuma ƙaramar hukuma ta rubuto mana a fili cewa idan kujerar malami ta sake zama babu kowa, rufewa za a yi, a riƙa kwasar yaran a jirgi zuwa gari, tafiyar sa'a guda a kan ruwa. Ɗana Eilif ya gaya mini ranar da aka rufe makarantar nan, ranar zai tattara matarsa da jikokina biyu su koma gari. Ba barazana yake yi ba, na san shi. Saboda haka da na ga doguwar yarinyar nan ta sauko da tsohuwar rigar sanyi da akwatin littattafai, sai da na yi addu'a a zuci Allah ya sa bashi ya yi mata katutu.

Kwana biyu na ba ta ta huta, a na uku na ɗora ƙarfen waina.

"Ci mana, ba a ƙirga waina a gidan nan," na ce, ina tura mata faranti. "Shekara nawa kika yi a jami'ar?"

"Shida. Da ɗaya a Ingila."

"Bakwai kenan! Ai kuwa an sha bashi."

"An dai sha karatu," in ji ta.

"Eh mana, eh mana. To kamar nawa ya tasar ma?"

Ta tauna, ta haɗiye, ta dube ni da murmushi. "Gunvor, wainar nan madara kike sa mata ko kindirmo?"

Na gaya mata, na sake kewayowa ta wata hanyar. Ta tambaye ni sunan tsaunin da ke bayan coci. Na kewayo ta uku, ta ce ko akwai inda ake gyaran keke. Waina bakwai ta ci, ta yi godiya, ta hau sama ta bar ni da faranti. Tun da nake ba a taɓa yi mini haka ba, kuma gaskiya na ji haushi.

A kanti Halvdan ya yi mini dariya har da riƙe ciki. "Yau an kama kurar a raminta," in ji shi. Amma ya ce ba sai ta faɗa ba. Ya zaro biro daga kunne. Shekara bakwai, ɗaya a ƙasar waje inda kuɗin makaranta ke cire wa mutum hula. Ba ta da mota. Kofi mafi araha take saye. Rigar sanyinta ta girmi wasu ɗalibanta. Ya ja layi biyu a ƙasan lissafin.

"Shekara tara," ya ce. "In ta tsuke bakin aljihu, takwas."

Ranar ƙauyen ya yi barci da daɗi. Mutumin da zai yi shekara tara ai namu ne, don haka muka buɗe mata komai. Reidun, maƙwabciyata kuma aminiyata, wadda ke jagorantar mawaƙan coci, ta sa ta a sahun gaba. Matan saƙa suka matsa mata wuri ranar Talata. Eilif ya koya mata jefa ƙugiya, yaran ajinta suka koya mata yanke harshen kifi, wanda ake ci a wurinmu, a tashar jiragen kamun kifi, suna yi mata dariya tana yanke yatsa. Halvdan, wanda ko uwarsa ba zai yi wa odar abin da ba ya sayarwa ba, ya fara sa a kawo mata wani shayi mai ƙanshin lemo daga gari. Ita kuma ta riƙe makarantar da kyau. Jikana Sindre, da ake cewa karatu ba nasa ba ne, a shekara ta biyu ya fara karanta mini jarida. Iyali guda ma suka dawo daga gari, yaran suka zama sha huɗu.

Kowa ya gamsu sai ni. Lissafin Halvdan kintace ne, ni kuma lamba nake so. Shekara huɗu abin yana sosa mini rai. Na gwada ta ranar Kirsimeti bayan ta ɗan sha, na gwada ta lokacin da mura ta kwantar da ita, har na ƙirƙiro wata 'yar ƙanwata da ke son shawara a kan bashin karatu. Shawara ta ba ni mai kyau, lamba kuwa ko ɗaya ba ta fito ba. Wasiƙunta ma ba ta gidana suke biyowa ba, makaranta ake kai mata su, ta jefa a jaka ta zuge.

A watan Maris na shekara ta huɗu bututun ruwa ya fashe a sama tana makaranta. Na hau da makullina, kuma ina da hujja, ruwa na zuba a kan littattafanta. Ina kwashe su wata takarda ta zamo daga cikin wani ta faɗo, da tambarin ofishin bashin karatu a samanta. Zan so in ce na yi jinkiri, amma ban yi ba. Da jiƙaƙƙen hannu na buɗe ta.

Layi uku ne kacal. Suna sanar da ita an biya bashin gaba ɗaya, ba a bin ta ko krone ɗaya, suna yi mata fatan alheri. Na duba kwanan wata, na goge tabarau na sake dubawa. Takardar ta shekara biyu da wata uku.

Na zauna a bakin gadonta ruwa na ɗiga a guga. Ba tsoro ne ya fara kama ni ba, mamaki ne. To me take yi a nan? Mace mai takardu, babu igiyar da ta ɗaure ta, ta ƙara hunturu biyu a Tarevik da son ranta? Na ce ko namiji ne, na lissafa duk gwauraye da samarin ƙauyen, babu wanda zan zauna saboda shi ko da mako guda. Na ce ko wani laifi ta gudo wa a kudu, amma mai gudun laifi ba ya rera waƙa a sahun gaba. Kwana biyu ina juya abin ni kaɗai har kaina ya fara ciwo. A na uku na leƙa gidan Reidun.

"Ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba."

"Haba Gunvor, yaushe na taɓa?"

"Kullum. Rantse dai."

Ta rantse, na gaya mata. Kafin jirgin Alhamis ya iso babu gidan da labarin bai shiga ba. Sai dai a hanya ya yar da rabinsa: kowa ya ji bashin malama ya ƙare, babu wanda ya ji tun yaushe.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da muka saba yi, kuma sai a wannan karon na tsaya na kalle shi da idona. Idan shekarar mutum ta ƙarshe ta zo, mukan ja jiki. Ba faɗa, ba baƙar magana, gaisuwa ma har ta fi ta da ladabi. An bar mu sau da yawa, mun koyi fara sakin mutum tun kafin ya sake mu. Halvdan ya tambayi Ingunn, cikin fara'a, ko ya dakatar da odar shayin tunda kwali guda yakan kai wata shida. Reidun ta ba wata baitin da Ingunn za ta rera a bikin watan Mayu, ta ce gara a fara horar da wadda za ta gaje ta. Matan saƙa suka fara haɗa kuɗin kyautar sallama a ɓoye. Iyaye biyu suka shiga gari duba gidajen haya, Eilif na cikinsu. Maganar ta kai kunnen ƙaramar hukuma, suka aiko wa Ingunn takardar sabunta aiki, suka ce suna son amsa kafin Juma'ar ƙarshen Afrilu don su san abin yi.

Da na ga haka ban yi wata-wata ba. Na ruga kanti don in gyara.

"Halvdan, ba ku ji duka ba ne. Ai tun shekara biyu bashin ya ƙare, kuma ga ta nan daram."

Ya cire biro daga kunne ya mayar. "To ai wannan ya fi muni. Ta ma wuce lokacinta kenan. Gobe ma tana iya ɗaukar jaka."

"Ko kuma tana son wurin."

Mutum huɗu ne a kantin, duka suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Son me? Warin kifi ko duhun?" Ni ma na yi dariyar, don a lokacin na ga abin dariya ne.

Ranar Laraba da la'asar, saura kwana biyu wa'adin ya cika, na ji an ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Ingunn ce, wadda shekara uku rabonta da ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta shigo da takardu biyu ta ajiye a tebur, ta ƙi zama.

"Ke kika karanta wasiƙata."

"Bututu ne ya..."

"Na san bututu ya fashe. Bututun ne ya je gidan Reidun?"

Na ce ta zauna in dafa kofi, ta ce ba ta sha. Duk da kunyar da ta rufe ni, bakina bai iya haƙuri ba.

"To amma da me kika biya? Halvdan ya ce tara."

Ta dube ni kamar za ta yi dariya, ba ta yi ba. "Ko yanzu ma lambar kike so. Babana ya rasu, kin tuna na tafi jana'iza. Muka sayar da gidansa, na biya da rabona. Ba na son a bi ni, shi ke nan."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kin tuna Hege?"

Na tuna ta. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi shekara biyar a ɗakin shan maganinmu, ta tafi a shekarar farkon Ingunn, daidai yadda lissafin Halvdan ya nuna.

"A hunturuna na farko kusan kullum tana hawowa ɗakina," in ji Ingunn. "Kuka take yi. Ta ce ba ta san abin da ta yi muku ba. Shekara huɗu kuna kai mata kifi, kuna kiran ta bikin suna, ranar da kuka gane bashinta ya kusa ƙarewa kowa ya koma yi mata gaisuwar baƙo. Har gidan marigayi Peder da babu kowa a ciki ta tambaya ko na sayarwa ne. Kin san amsar da aka ba ta?"

Na sani, don ni na ba ta. Dariya na yi na ce me za ta yi da gida a nan, kada ta jefa kuɗinta a teku. A zatona taimakon ta na yi.

"Ta jira har ranar da jirgi ya zo ko mutum ɗaya zai ce mata ta zauna. Kuka haɗa mata safa da burodin hanya. Da farko taurin kai ne ya hana ni gaya miki, na ga ba ruwanki. Bayan Hege kuwa na ce ko za a yanka ni ba wanda zai ji."

Na nemi kujera na zauna. Malamai tara. Ni na taya kowannensu ɗaure akwati, ni na toya musu burodin hanya, wasu har na yi musu kuka bayan jirgi ya juya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a raina ina neman wanda na taɓa tambaya ko yana son tafiyar, ban samu ba. Lissafi ya ce zai tafi, muka shirya shi, ya tafi, muka ce Halvdan ya iya lissafi.

Ta nuna takardun. "Wannan ta ƙaramar hukuma ce. Wannan kuma wata makaranta ce a Trondheim, makon jiya na rubuta musu, sun ce in zo. Ɗaya zan sa wa hannu."

"Zan rage miki kuɗin haya," na ce da sauri.

"Ban yi kukan haya ba."

"Tagar ɗakin kwanan nan mai shigo da iska, Eilif zai canza ta kafin Lahadi. Zan yi wa Reidun magana ta mayar miki da baitinki. Shi kuma Halvdan..."

"Gunvor, wata igiyar kike nema ki ɗaure ni da ita. Ba abin da na zo ji ba kenan."

Na san abin da ta zo ji. Kalma biyu ce, amma na kasa furta su. Mu mutanen bakin tekun nan ba mu iya roƙo ba. Kuma a ƙasan wannan akwai abin da ya fi shi, wanda ban taɓa faɗa wa kaina ba sai ranar: ban yarda akwai abin da zai riƙe mutum a garinmu ba in ba dole ba. A nan aka haife ni, a nan na binne mijina, ba zan iya kwana uku a wani wuri ba, amma a raina ina ganin duk mai hankalin da ya samu hanya tafiya zai yi. Kunya nake ji in ce wa mai digiri ta zauna, kada ta tambaye ni dalili in rasa.

"Ki zauna," na ce.

"Don me?"

Ga abin da nake tsoro ya zo. "Don makaranta. In kika tafi rufewa za su yi, Eilif ya kwashe mini yara."

"Wannan duk mai takardar koyarwa zai iya yi muku. Ku nemo mai bashin shekara goma."

"Ba na son mai bashin shekara goma!" Ban san lokacin da na buga tebur ba. "Na gaji da koyon sabon suna. Ke nake so. Kin cinye mini waina kin hana ni lamba, kin sa na zama abin dariya a kanti, kuma in kika hau jirgin nan ba zan toya miki ko yankin burodi ba, don ba zan iya zuwa tashar ba. Ki zauna, Ingunn. Ba ni da wani dalili, so nake ki zauna."

Sannan ta ja kujera ta zauna, ta ce yanzu za ta sha kofin. Na zuba mata. Ta jawo takardar ƙaramar hukuma, ta karanta ta tun daga sama har ƙasa a hankali kamar ba ta taɓa gani ba, ta sa hannu.

"Shekara ɗaya," ta ce.

"Ɗaya tak?"

"Ɗaya. Baɗi in Afrilu ya zo ki sake tambaya ta."

"In na tambaya za ki ce eh?"

"Ban sani ba. Ke ma ba za ki sani ba sai kin tambaya."

Shekara goma sha uku kenan. Makarantar na nan, Sindre ya gama ta har ya tafi jami'a da nasa bashin. Kowane Afrilu nakan hau sama in tambaye ta, kuma kada wani ya zaci abin ya zama wasa. Ba ta taɓa amsa mini nan take ba. Sau biyu ta ce in ba ta mako guda, a makon nan ko abinci ba ya shiga mini. Har yau ban iya faɗin kalmomin nan ba tare da zuciyata ta buga ba.

Bana gwiwoyina suka ƙi matakala. Na yi kwana huɗu ina tsayawa a gindinta ina dubawa, ina tunanin ko in rubuta a takarda in ba wani ya kai, na kuma san ba za ta karɓa ba. A na biyar da safe ta sauko da kanta, da furfura biyu-uku a goshinta da takardar hukuma a hannu. Ta ja kujera ta zauna a gabana, ta naɗe hannu, tana jira in tambaye ta.